Takarda Mai Warin Magani

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kina lafiya, da aikin ɗinki, da ƙafar nan da take damunki. Ni ma lafiya, sai godiya.

Na rubuto ne saboda wayar ƙanwarki a kashe take, ke kuma kin ce kunnenki ba ya jure waya, ko da yake ina zargin muryata ce kawai ba ya jurewa. Yau mako uku ke nan da ta ce za ta zo wurinki ta huta kwana biyar. Ban hana ta ba, don aikin kantin magani tsayuwa ce daga safe har yamma. Amma kwana biyar ɗin nan sun yi tsawo.

Gidan ya yi mini girma, Yaya. Ina dawowa daga makarantar da nake koyarwa in tarar da kofin da na sha shayi da safe yana nan inda na bar shi. Jiya na tsinci kaina ina yi wa kujerarta bayanin wata aya, sai da na kai tsakiya na tuna babu kowa a kanta.

Ga aiki kuma ya taru. Kin san akwatin da na kafa a bakin ƙofar coci, wanda duk mai shakka a kan bangaskiya yake jefa tambayarsa ba tare da suna ba, ni kuma in rubuta amsa a manna a allon sanarwa. Ƙanwarki ce take buga mini amsoshin a kwamfuta, ni da yatsa biyu nake fama. Sa'an nan ranar Alhamis ta ƙarshen wata ɗaliban jami'a sun gayyace ni in yi magana a kan abin da ya sa Allah mai ƙauna yake barin wahala a duniya. Wata shida ke nan ina shiri.

Abu ɗaya dai ya faranta mini rai. Akwai wani mai tambaya da ya yi kusan shekara yana sa ni aiki, tambayoyinsa duk na mai nauyin zuciya. Kwanan nan ya yi shiru. Ina ganin amsoshin sun ratsa shi, yabo ya tabbata ga Allah. Na haɗo da wadda na rubuta masa a kan kaɗaici, hujjoji biyar da ayoyinsu. Ƙanwarki ce ta buga ta, amma sake karantawa ba ya ɓaci. Ki ba ta, ki kuma tambayar mini ranar dawowarta.

Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku.

Mijin ƙanwarki.

*

Malam Mai Akwati,

Na amsa gaisuwarka. Ƙafa tana nan tana mulkinta, keken ɗinki kuma bai san ana ciwo ba. Direban motar safe ya kawo takardarka lafiya.

Auta tana nan. Tana cin abinci kaɗan, tana taya ni sa maɓallai, sauran yinin kuma tana zaune gaban taga tana kallon masu wucewa kamar wadda aka ba aikin ƙirga su. Na miƙa mata hujjojinka biyar. Ta duba, ta ce ta san su, ta mayar mini. Takardar tana da kauri, ta yi mini amfani wajen fitar da wuyan riga.

Ka ce kana yi wa kujera bayani. Ban yi mamaki ba. Shekara goma sha ɗaya kana yi, bana ne kawai ka lura ba a amsa maka.

Kada ka ce na raina aikinka. Lokacin da ɗana ya dawo daga jami'a yana cewa tashin Yesu daga matattu tatsuniya ce, kai ka zauna da shi Asabar huɗu, ka bi da shi hujja bayan hujja ba tare da ka ɗaga murya ba. Yau shi yake tuna mini lokacin sujada. Ban manta ba, shi ya sa ma nake ɓata tawadata a kanka.

Ni ma ina da tambaya, kuma ba sai na jefa a akwati ba. Wannan mutumin da ka ce ka gamsar, yaushe takardarsa ta ƙarshe ta shigo? A kan wace irin takarda yake rubutu? Ka kwaso su duka ka jera a kan tebur, ka karanta su a haɗe kamar wasiƙa ɗaya, ba ɗaya bayan ɗaya kamar kana duba jarrabawa ba. In ka gama ka rubuto mini.

Ranar dawowa kuwa, ban tambaye ta ba. Allah ya ba ka ido.

Yayarku.

*

Yaya,

Ina gaisuwa, ina kuma fata ƙafa ta yi sauƙi.

Na yi yadda kika ce, ko da yake da farko raina ya ɓaci. Guda bakwai ne. Ƙananan fararen takardu ne masu kusurwa huɗu, an rubuta da fensir da manyan baƙaƙe, an ninke sau uku an cusa baki ɗaya a cikin ɗayan. Ta farko ta ce idan mutum ya yi shekara goma yana roƙon abu ɗaya bai samu ba, Allah ne bai ji ba, ko shi ne bai iya roƙo ba. Wata ta ce jaririn da bai kai ga yin numfashi ba, yana da suna a wurin Allah? Wata kuma, zunubi ne mai bi ya ji kaɗaici alhali yana da aure? Ta ƙarshe, wadda ban amsa ba tukuna, ta shigo ranar Lahadin da ƙanwarki ta tafi. Ta ce: da Yesu ya roƙi almajiransa uku su zauna tare da shi a lambu kafin a kama shi, me yake so su yi masa?

Duk da haka na ce a raina ai matan coci da yawa. Sai shekaranjiya ciwon kai ya kai ni kantin da take aiki. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma ranar ce na fara shiga ciki, kullum a bakin titi nake tsayawa. Abokiyar aikinta ta zuba mini ƙwayoyi a kan wata 'yar farar takarda, ta ninke sau uku, ta cusa baki ɗaya a cikin ɗayan. Ta ce matata ce ta koya musu wannan ninki, ƙwaya ba ta zubewa. Na tsaya da ƙullin a hannu har ta tambaye ni ko jiri nake ji. Da na koma gida na shinshina takardun nan bakwai, duk warin kantin suke yi.

Ita ta buga amsoshin, Yaya. Ranar da muka yi ta jaririn ina kai da komo a falo ina faɗa, tana bugawa, har na ce ta ja layi a ƙarƙashin hujja ta uku. Ta ɗaga hannu daga kwamfutar ta ce, "Malam, wannan mai tambayar, ba za ka neme shi ba?" Na ce ƙa'idar akwati ita ce ba a neman kowa. Ta ci gaba da bugawa.

Amma ki yi mini adalci. Tebur ɗaya muke ci, ɗaki ɗaya muke kwana. Me ya hana ta tambaye ni baki da baki? Kuma na sake bin amsoshin layi-layi, ban ga ƙarya ko ɗaya a ciki ba. Na zauna na amsa ta bakwai ɗin da kyau, shafi shida, ga su nan. Ki taimake ni ki ba ta.

Ubangiji ya kiyaye ku.

Mijin ƙanwarki.

*

Malam,

Gaisuwa. Shafukanka shida suna cikin aljihun keken ɗinki. Ban ba ta ba, ban karanta ba, ban kuma yanka ba, wannan ya isa adalci.

Ka ce me ya hana ta tambaye ka baki da baki. Ta tambaya. Shekara huɗu da suka wuce, ranar da kuka dawo daga asibiti ba jariri, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce maka tana jin tsoro. Ba ta gama cire takalmi ba ka buɗe Littafi Mai Tsarki kana nuna mata wurare nawa aka ce kada a ji tsoro. Daga baya ta lura cewa baƙon da ya jefa takarda a akwati yana samun kwana uku na tunaninka, kana tashi da shi kana kwana da shi. Sai ta ce to, bari ita ma ta zama baƙuwa.

Babu ƙarya a amsoshinka, na yarda. Da mijina ya rasu mutane sun cika ɗakin nan da ayoyi, duk gaskiya ne, kuma daga baya su suka riƙe ni. Amma a makon farko ko ɗaya ban ji ba. Abin da na ji shi ne tsintsiyar wata maƙwabciya da take zuwa kullum ta share ƙyallayen da ke ƙarƙashin keke, ta zauna kaɗan, ta tafi. Ba ta taɓa cewa komai ba sai sannu.

Yanzu ga abin da aka hana ni faɗa. Auta ba hutu ta zo ba. Likita ya ce ƙarin da ke mahaifarta ya girma, dole a cire mahaifar gaba ɗaya. Ka san abin da wannan yake nufi ga macen da ta yi shekara goma tana roƙon abu ɗaya. Za a kwantar da ita ranar Laraba, a yi aikin ranar Alhamis ta ƙarshen wata, ƙarfe goma na safe. Da ta ga ranar ta zo daidai da taronka sai ta ce kada a gaya maka, mutum ɗari biyu suna jiranka. Ta sa na yi alkawari. Na karya, zan yi wa Ubangiji bayani da kaina.

Ba zan ce ka zo ba, ba zan ce kada ka zo ba. Ni dai na san zumunci a ƙafa yake. Abin da nake tsoro shi ne ta shiga ɗakin nan ita kaɗai ta fito, domin in ta iya wannan ba tare da kai ba, ban ga abin da zai mayar da ita gidanka ba.

Ka huta lafiya.

Yayarku.

*

Yaya,

Na gode. Ban san yadda ake gode wa wanda ya mari mutum ba, amma na gode.

Na je wurin shugaban ɗaliban na ba shi haƙuri. Ransa bai so ba, nawa ma haka, ba zan ɓoye miki ba. Na damƙa wa wani dattijon coci takarduna, in ya ga dama ya karanta musu.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ranar da muka dawo daga asibiti ni ma tsoro nake ji. Na buɗe Littafin ne don in sami abin riƙewa, kada ta gane. Tun daga ranar duk lokacin da shiru ya shigo gidan sai in cika shi da bayani. Ina tsammani ƙarfafa ta nake yi, ashe ɓuya nake yi.

Na sake karanta labarin lambun, wannan karon ba biro a hannuna. Yesu, shi da ya san amsar kowace tambaya, bai nemi almajiran su yi masa bayanin komai ba. Ransa yana cikin baƙin ciki, ya ce su zauna kusa. Na yi shekara ashirin ina kare gaskiyar wannan labari a gaban masu musu, ban taɓa yi wa kowa abin da aka roƙa a cikinsa ba.

Zan shigo motar farko ranar Laraba. Kada ki matsa mata. In ba ta son ganina zan zauna a bencin da ke waje, har a gama, har ta farka.

Ku sa ni a addu'a.

Mijin ƙanwarki.

*

Malam,

Sannu da hanya. Ma'aikaciyar jinya ta ba ni wannan 'yar takardar, na ninke ta yadda ka sani.

Yaya ta ce tun ƙarfe tara kana kan bencin baranda, ba ka aiko da ko layi ɗaya ba. Sau biyu na aike ta ta duba ko rubutu kake yi, ta ce hannuwanka suna kan gwiwa.

Ina jin tsoron gobe. Ban sani ba ko na huce, kada ka tambaye ni yau.

Akwai kujerar roba a gefen gadon, ƙafarta ɗaya tana rawa. Ka bar jakarka a wurin Yaya ka shigo. In barci ya ɗauke ka ba komai. Almajiran nan uku ma ya ɗauke su a lambun, Yesu bai kuwa kore su ba.

Wannan karon na sa hannu.

Ni ce, matarka.