Makullin Firijin Rigakafi

Ƙanwata Barira,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da Inna da yara. Gyaɗa ta yi kyau bana a Ajingi?

Ni lafiya lau nake a Jidda. Tsohuwar da nake jinya ba ta da fitina, bayana ne kawai ke ɗan motsawa in na ɗaga ta.

Na ji an ba Zulfa shugabancin ɗan asibitinmu, kujerar da na bari. Allah Ya taya ta riƙo, ni na koya mata awon ciki. Wai ta rataye makullin firijin rigakafi a ƙusa, kowace ma'aikaciya na iya ɗauka. Ranar da ta tafi taro Gaya, aka yi wa yara allura ba a jira ta ba. Ni shekara tara yana ƙulle a bakin zanina, ina ganin amana ce. In ba na nan, sai mata su koma gida. Yanzu ita kowa ke yabo. Na yi istigfari, amma abin bai bar zuciyata ba.

Ki bi a hankali ki ji ko za ta karɓe ni in na dawo, ko da a ƙarƙashinta ne. Kada ki ce ni na sa ki.

Yayarki,
Bara'atu