Gobe Bakwai Ɗinki, Gobe Jarrabawata

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da ban girma irin wadda na saba durƙusawa in yi miki a bakin ƙofa. Yau kwananki shida a makwancinki, ina fatan Allah ya yalwata miki shi.

Inna, abin da kika faɗa ya zo. Gobe ne addu'ar bakwai ɗinki a nan Ba'awa, kuma gobe ne jarrabawar tantance masu neman karatun likita a Kano. Ranar da saƙon ya shigo wayata ina zaune a kan tabarmar makoki. Na karanta, na kifa wayar, na ci gaba da amsa "ya haƙuri".

Kin tuna bara. Na sami makin da ake nema a jarrabawar shiga jami'a, aka sa ranar tantancewa, sai ƙafafunki suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Aka kwantar da ke a asibiti aka ce ƙoda ce. Ba ki da wata 'ya mace sai ni, kuma kin san asibiti, in babu mai jinya ko ruwa babu mai miƙo wa mutum. Na zauna. Makin kuwa shekara ɗaya yake yi, ya mutu a hannuna ina wanke miki zane.

Da kika gane ranar ta wuce, wuni kika yi ba ki kalle ni ba. Na kawo koko kika juya wa bango fuska. Ni ma na yi fushi, don na ɗauka godiya za a yi mini. Sai da yamma kika ce, "Rabi, ciwon nan bai jira ki ba, ke me ya sa kike jiransa?"

Bana na sake rubuta jarrabawar, na sake ci. Kina tsinke zogale a tsakar gida, numfashi yana yi miki wuya, kika ce, "Wannan karon ko gawata ce a shimfiɗe a zaure, ki tsallake ki tafi." Na yi dariya na ce Inna kin cika baki. Wallahi da na san haka maganar za ta faɗo, da na rufe miki baki da hannuna.

Gwaggo Talatu, yayar Baba, ta ce makaranta ba guduwa za ta yi ba, in bari sai baɗi. Ta ce mata za su zo tun daga Tudun Wada da Doguwa, kowacce ta shigo 'yar marigayiya za ta nema, me za a ce musu? A ce uwarta ba ta yi bakwai ba ta hau mota neman boko? Ba ƙarya ta yi ba. Za a faɗa. Za a daɗe ana faɗa, har a bakin masu cin gumbar sadakarki.

Amma baɗi nawa gare ni, Inna? Bara ma baɗi aka ce. Yanzu tukunya ta dawo hannuna, ƙannena maza ba su san inda ake ajiye gishiri ba, kaka kuma ta kusa. In na zauna wannan karon na san zaman ke nan, babu wanda zai sake tura ni, don mai turawar ce aka binne.

Baba bai ce je ki ba, bai ce kar ki je ba. Ɗazu dai na ji shi a zaure yana gaya wa mai acaɓa ya zo bayan sallar asuba, akwai wadda zai kai bakin titi. Da ya shigo bai dube ni ba, ya ɗauki buta ya fita.

Tsoro nake ji. Kwana shida ban buɗe littafi ba, idona ya kumbura, ina iya zuwa in faɗi, in rasa bakwai ɗinki in rasa gurbin gaba ɗaya. In kuma na ci, akwai ranar da malami zai tsaya a gaban aji ya koya mana ciwon ƙoda, alamominsa da abin da ake yi in an gano shi da wuri. Zan zauna in rubuta, kamar ban taɓa ganinsa a ƙafafunki ba. Ke nake so in duba da hannuna, Inna. Ke kaɗai ce dalilin, kuma na makara.

Duk da haka zan tafi. Gawarki ban tsallake ba, ina wurin aka yi miki wanka, ni na miƙa turare. Tabarmar makokinki ce zan tsallake, kafin mata su fara sallama. In sun tambaya, na roƙi Gwaggo ta ce musu aike na tafi, uwata ce ta aike ni.

Allah ya jiƙanki, ya gafarta miki, ya sa ciwon da kika sha ya zama kankarar zunubi. Ya haskaka kabarinki, ya haɗa mu a Aljanna inda babu jinya. Ki yafe mini wurin da zan bari babu kowa gobe.

'Yarki,
Rabi