Muryar Mahaifina da Ƙofar da Kuka Kulle

Zuwa ga Mai Girma Manajan kamfanin intanet da ya kafa ƙarfensa a Gwarzo,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gajiya, ya sanyin ofis? Ina fata wayar koke-kokenku na samun isasshen barci kamar yadda ta saba.

Sunana Sabi'u, malamin firamare. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya yi shekaru yana tafsiri a Getso. Na juye kaset-kaset ɗinsa cikin tsohuwar kwamfutata kafin gara ta cinye su. Bana kwamfutar ta fara ƙwas-ƙwas, mai gyara ya ce faifan cikinta ya kusa mutuwa, a kwashe komai, kuma kar a jijjiga ta. Ramukan da ake soka filas a kwashe fayil kuwa, wuta ta daɗe da ƙona su. Sai ni da ƙanena Auwalu da ke Kabo muka sa manhajar raba fayil don ya ja karatun ta intanet ɗinku.

Na farko, manhajar ta ce ƙofar da karatun zai bi a kulle take, sai an buɗe ta a rawuta, akwatin nan mai ƙaho biyu da kuka sayar mini. Lambar sirrinta kuma tana hannunku. Akuya tawa, igiya taku.

Na biyu, duk kiran da na yi magani ɗaya ne: in kashe in kunna. Ranka ya daɗe, a Gwarzo? Ai masu wutar lantarki suna yi mana wannan kyauta safe da yamma.

Na uku, injiniyanku ya zo, ya ci tuwo har da ƙari, ya buɗe ƙofar. Karatu ya fara tafiya, wallahi har na yi ƙwalla. Da aka ɗauke wuta aka dawo, rawuta ta ba kwamfutar sabuwar lambar adireshi, ƙofa ta tsaya jiran tsohuwa. Injiniyan ya dawo da tsinken tsintsiya ya soka wa rawutar a baya, ɗan abin da ke aiki ma ya goge.

Na huɗu, kuka ce katangar tsaronku, fayawol, ba ta barin irin wannan manhaja, wai finafinan banza ake rabawa da ita, ga shi jihar Shari'a muke. Madalla da wannan taƙawa! Kun tare tafsiri a hanya, Allah Ya ba da lada.

Da Sha'aban ya raba, ƙarar kwamfutar ta ƙaru, na rasa yadda zan yi. Na naɗe kwamfutar a darduma, na rungume ta a bayan babur zuwa Kabo don mu haɗa ta da ta Auwalu, duk da tsadar mai. Kun san ramukan hanyar. Muka kunna, ko ƙwas ɗin ba ta ƙara yi ba. Abin da ya tsira, Fatiha ne da rabin Baƙara. Raina ya ɓaci, har yau bai huce ba.

Buƙatuna biyu ne. Ku ba mutane lambar sirrin rawutar da suka saya. Sannan Inna, mahaifiyata, kullum tana tambaya yaushe za a kunna mata muryar Malam, tunda azumi ya gabato. Ni na kasa faɗa mata. Ranka ya daɗe, ka zo da kanka ka ce mata ta kashe ta kunna.

Allah Ya ƙara girma, Ya sa in taka ta zo ka sami mai ɗaga wayarka.

Wassalam.

Sabi'u ɗan Malam, Gwarzo