Muryar Malam Bawa a Ordinatar Lekol

Dogo-Dogo, Talata.

Angona Abdulmajid,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, kai da wannan gemun naka mai gashi bakwai. Mu nan lafiya lau, gero ya fara kai.

Mushe Kadi, direktan lekol, makarantar nan ta Dungas, ya ce kai aka ba aikin sauya cikin ordinatocinsu, kwamfutocin nan. To saurara. A cikin tsohuwar nan ta bakin taga akwai muryar kakanka Malam Bawa. 'Yan proje, masu aikin tattara tarihi, suka ɗauka shekara guda kafin ya rasu, wuni biyu yana ba su tarihin rijiyarmu da sunayen kakanni. Duk ranar kasuwa nakan hau mashin ɗin Mainassara in je a kunna mini. Tun bayan Sallah, da ya fara magana sai ta yanke, wani jan rubutu ya fito. Ka sako mini shi cikin sabon abin naka. Kada kishi ya hana ka, shi ne na fari.

Amaryarka, Kulu.

Damagaram, Asabar.

Zuwa ga Iya Kulu,

Bayan gaisuwa da girmamawa, na samu takardarki. Aikina ana ce masa ƙunshi. Ina tattara manhajoji, wato abubuwan da ke sa ordinata ta yi aiki, in ɗaure su wuri guda cikin sabon tsari wanda kowa ke da izinin kwafa da gyarawa. Lekol arba'in za su karɓa.

Manhajar da aka ɗauki Kaka da ita ta wani kamfani ce, kuma ita kaɗai ke buɗe muryar. Lisans ɗinsu, wato takardar izini, ya hana a sa ta cikin ƙunshi, ya hana a tona cikinta. Na proje ya ƙare, shi ne jan rubutun. Ni kuma ba ni da lisans. Ba zan ɓoye miki ba, akwai kwafin sata yana yawo. In na sa shi, za a janye ƙunshin daga duk lekol ɗin, kuma sunana ne a jiki. Na rubuta wa kamfanin, ina jira.

Allah ya ƙara miki lafiya.

Jikanki, Abdulmajid.

Dogo-Dogo, Laraba.

Mai ƙunshi,

Ina gaisuwa. Ashe shekara uku a jami'a lalle ka koyo? Da ka faɗa, da ƙafata ce za ka fara ɗaurewa.

Kuma wane irin ba ka da lisans? Ranar da ka samo shi daga jami'a rago muka yanka, ni na ci hanta da haƙorin da ba ni da shi. Hotonsa na jikin bangona. Na sauke shi da gilashinsa na rungume har Dungas, na ajiye gaban ordinatar na ce wa Mushe Kadi ga lisans, a buɗe. Ya yi dariya har ya zauna ƙasa. Wai naka na karatu ne, nasu na izini. Nasara ma da rowar kalma, guda ɗaya aiki biyu.

Na dawo ban yi dariyar ba. Ka faɗa mini, wa ya ba su izini a kan maƙogwaron mijina? Shayi kawai suka ba shi ya dangwala yatsa.

Na so in ce maka ka ɗan sata, sau ɗaya, ni da kai. Har na rubuta na goge, ka ga wurin. Mutumin da ya taka har Bande don ya mayar da akuyar da ta biyo garkensa, in buɗe bakinsa da makullin sata? Da ya farka zai fara da ni. In bar shi kuma a rufe, shi ma ba zan iya ba. Ga ni nan zaune kamar an yi mini ƙunshin ƙafa biyu, ba gaba ba baya.

Ka ci abinci.

Kulu.

Damagaram, Lahadi.

Iya,

Ina gaishe ki. Sun ba da amsa layi biyu. Sun daina yin manhajar, ba su ba da sabon lisans, kuma ba su yafe tsohon ba. Na sake roƙo, shiru. Washegarin kasuwa za a goge tsohuwar ordinatar, umarni ne daga sama. Na kwafe muryar a rufenta na adana, ko wata rana za a sami hanyar halal. Ki yafe mini. Na yi karatun, na kasa buɗe miki ƙofa guda.

Abdulmajid.

Dogo-Dogo, Jumma'a.

Angona,

Share hawaye, gemun zai jiƙe.

Ranar kasuwa na je lekol. Fadi maƙwabciyata ta kara wayarta, muka ɗauke ɗan abin da ake bari kafin jan rubutu. Ka san me ke ciki? Tari biyu, sai ya ce: "Kulu, ja ƙofar nan, akuya za ta shigo." Shi ke nan. Wuni biyu na tarihi, abin da suka bar mini aike ne. Na saurara sau tara, duk taran sai da na waiga ƙofa.

Ka zo bayan girbi da abin ɗaukar naka na halal. Shekara arba'in da ɗaya ina jin labarin rijiyar nan, na san inda yake tari, na san inda yake ƙari. Zan faɗa duka, in gyara wurin da ya ce shi kaɗai ya haƙa.

Lisans kuma ga nawa, ka liƙa a jiki: Ni Kulu matar Bawa na yarda kowa ya kwafa, kowa ya ji. Wanda ya rufe, ni da shi.

Ka taho da goro.

Kulu.