Ranar da na harbi kuka na bar zomanya

Zuwa ga mahaifina Tanko Maharbi, wanda ya riga mu gidan gaskiya damina biyu ke nan.

Assalamu alaikum, Baba. Ina gaishe ka a durƙushe, takalmana a waje, kamar yadda na saba. Mutanen gida suna lafiya, gero ya kai gwiwa, tabki ya cika har ya taɓa hanyar shanu. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san inda karatuna ya tsaya, don kai ka raba ni da allo ka rataya mini gorar albarushi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ƙanenka Baffa Nomau ya zo karɓar bindigarka, ya ce na zubar da sunanka a Madarumfa. Ina so ka ji yadda aka yi daga bakina. Masu leƙowa ta bayana su ma su ji, na daina ɓoyewa.

Wata Talata ce, muna cikin noman farko. Na fita da hauya rana ba ta gama fitowa ba. A gefen gonarmu ta hanyar Safo, gindin wata sabara, na ga zomanya. Na san mace ce don kai ka koya mini: namiji da jin taku sai ya tashi ya miƙe, ba waiwaye, ita kuwa mace sai ta lafe ta kwantar da kunnuwa, in ta tashi ma ta yi kewaye ta komo. Wannan ta lafe. Da ta ɗaga na ga gashin cikinta ya tuje, nonuwa sun fito. Na duba ciyawa a hankali, sai ga ƴaƴa uku, kowane a ɗan kwarminsa, kamar curin hura da aka sa wa kunne.

Nan na tuna da kai. Duk shekara in ruwa ya sauka, abokinka Bawa Sarkin Dawa ya rufe daji, sai ka rataye bindiga ba ka sake taɓa ta sai ya buɗe bayan kaka. Kai mai salla ne, shi na gargajiya yake bi, amma a kan wannan bakinku ɗaya. Kana cewa, “Labo, wanda ya harbi zomanya da damina, rai huɗu ya kashe, ɗaya ya ci. Bari a yi buɗin daji, ba inda za su.” Na ja da baya, na koma ɗaya gefen na yi nomana.

Da hantsi aka aiko kirana ƙofar maigari. Wani Nasara ne mai awon hanya ya sauka. Tafintansa kurkunu ya kwantar da shi a Gabi, saura kukunsa, mutumin bakin teku, wanda Hausarsa ba ta isa sayen gishiri ba. Shi ya ce mana in za mu kira ubangidansa mu ce Mushe. Liman ya ce subhanallahi, mutum da ransa yana tsaye da ƙafafunsa, shi kam ba da bakinsa ba.

Nasara ya dubi maigari ya ce, “Lapan?” Maigari ya ji daɗi, ga baƙo mai ladabi, ya ce, “Lahiya lau, ranka shi daɗe.” Nasara ya nuna daji ya ce lapan, maigari ya ce can ma lahiya lau. Ya nuna gonaki, muka amsa baki ɗaya. Ya juya hannu wajen tabki, muka ce lahiya lau, sai godiya. Baffa Nomau har da tambayarsa ina gajiya, ina iyali. Muna ta mamakin yadda fuskar mutumin ke ƙara washewa da kowace amsa.

Sai kuku ya ɗora yatsu biyu a ka, ya tsuguna, ya yi tsalle uku a gaban dattawa. Baba, ashe lapan zomo ne da bakinsu. Mun taru mun shaida masa zomo na ko'ina a ƙasarmu, har cikin ruwa.

Maigari ba ya iya janye magana a gaban baƙo. Ya dube ni ya ce, “Ɗan Tanko, ɗauko bindigar ubanka.” Ya jawo ni kusa ya ƙara da cewa in ran mutumin nan ya ɓaci, ba wanda ya san ƙarti nawa zai nema aikin hanya, ga noma bai ƙare ba. Na koma gida. Na sauko da ita daga maratayinta, na ɗura.

Na ce a raina tunda mun ce akwai a tabki, bari mu fara da can. Na ja shi ta cikin laka, inda tun kakanninmu ba a taɓa ganin sawun zomo ba. Takalminsa ɗaya ya tsaya, sai da kuku ya haƙo shi. Matsattsaku biyu suka kama masa ƙwauri. Ya zame ya zauna cikin ruwa da bindigarsa mai baki biyu, harsashinsa ya jiƙe. Ni kuwa ina gaba, ina duƙawa ina shinshina ƙasa kamar mai aikin gaske. Na tsinci kashin akuya na nuna masa na ce lapan.

A nan na yi wauta. Mutumin ba sakarai ba ne, Baba, a garinsu ma akwai akuya. Ya murza kashin, ya dube ni, ya wuce gaba ya zaɓi hanya da kansa. Ya hau tudu ya miƙe sak gonarmu, kamar wanda aka yi wa kwatance.

Taku biyar tsakaninmu zomanyar ta tashi. Ba ta yi nisa ba ta tsaya, ta zauna tana kallonmu, ka san dalili. Nasara ya ja kunamar tasa, ta ce ƙyas, shiru. Ya kama kafaɗata yana jijjigawa yana nunawa. Masu noma duk sun miƙe, sun dogara da hauyoyi suna kallo.

Ka tuna kukar nan ta kan iyaka? Ƙwallo ɗaya ya rage mata tun bara, can ƙololuwa, yana lilo. Na ɗora bindiga a kafaɗa, na bi ta kan kunnuwan zomanya na wuce, na ɗaga baki sama. Na riƙe numfashi yadda ka nuna mini, na jira iska ta komo da shi, na tsinke jijiyar da yake rataye a kai. Da hayaƙi ya washe, zomanya ba ta, kuku na zaune a ƙasa dafe da tsakiyar ka inda ƙwallon ya sauka, yana kiran uwarsa da yarensu.

Nasara ya dube ni, ya dubi kuka, ya dubi kuku, ya yi dariya har ya zauna a kan kunyar gona. Ran nan zakaran maigari ya ci, bai nemi ƙarin mutum ko ɗaya ba. Ni ne na biya. Kafin la'asar sunana ya koma Labo Mai-harbin-sama. In na bi ta rijiya ƴan mata su dafe tulu su duƙa. In ruwa ya yi jinkiri kwana biyu, tsofaffi su ce in taimaka in huda musu gajimare.

Kwana ashirin da uku ina haɗiyewa. Kukun nan yana jin Hausa fiye da yadda yake faɗinta, in ya kai wa ubangidansa cewa da gangan na yi, a kan maigari abin zai faɗa. Sai shekaranjiya suka naɗe igiyar awonsu suka yi gaba.

Jiya bayan sallar Juma'a Baffa Nomau ya shigo, bai ko zauna ba ya ɗora hannu a kan bindiga. Ya ce, “Yayana bai taɓa kuskuren zomo a guje ba, kai ka kuskure shi a zaune. Kawo ta nan kafin ka harbo mana wata.” Na buɗe baki ke nan sai ga Bawa Sarkin Dawa da sandarsa. Ya zaro ƙwallon kukar daga burgami, ashe tun ran nan ya tsince shi, ya kai jijiyar har hancin Baffa. Ya ce, “Nomau, kai da ba ka iya samun rumbu da dutse, duba nan. Kuskure ba ya yanka haka.” Baffa ya ce sa'a ce. Bawa ya ce to a bar ta nan har buɗin daji, in na komo hannu wofi shi da kansa zai kai masa ita gida. Baffa ya janye hannu. Goro biyu na miƙa masa ya zaɓa, ya ɗauke duka.

To tana nan a maratayinka, Baba, na shafa mata mai. Ranar buɗin daji ba ta ba ni tsoro. Abin da ya tsaya mini daban ne. Ba ka taɓa yabona da baki ba, in na yi daidai sai ka yi gyaran murya ka wuce gaba, ni kuwa in kwana uku ina jin daɗi. Ran nan da hayaƙi ke tashi, kowa na ihu, ni kunnena na baya ina saurare. Sai daga baya na tuna.

Ƴaƴan nata sun girma, suna cin waken gonarmu ba ko kunya. Na bar musu kunya biyu ta gefen sabara, kada ka yi faɗa.

Allah Ya haskaka makwancinka, Ya yalwata shi, Ya sa rahamar da ka yi wa abin da ba ya iya roƙonka ta tarye ka a can. Ya yafe maka, Ya yafe mana, Ya sada mu da alheri. Amin.

Ni ne ɗanka mai jin kewarka, Labo.

In kana son shaidu, ga su. Bawa Sarkin Dawa ya gani daga gonarsa. Kuku ya gani, tasa shaidar ma tana bisa kansa. Inna ma ta gani, tana tsinkar tafasa a bakin iyaka. Har yau ba ta ce mini uffan ba, amma da magaribar ran nan a cikin akushinka ta zuba mini tuwo.