Jinin Aro

Kalgo,
Litinin.

Zuwa ga ƙanena Ubaidullahi,

Assalamu alaikum. "Yaya, wallahi ba za a kai lefe ba sai na faɗa wa Amatullahi da bakina." Maganarka ce, a tsakar gidana, ran ƙaramar Salla. Na sa ta gaba da gaisuwa don kada ka ɗauka na manta.

Bayan haka ina gaishe ka. Ya jiki, ya mutanen Gwandu, ya ɗiyata Mufida? Da fatan ciwon ƙafar nan nata ya lafa. Mu nan lafiya lau, ban da zuciyata.

Jiya Gwaggo Indo ta kawo mini akwatuna in duba, tun da ni zan jagoranci mata mu kai su Masama ran Asabar. Ta haɗa mini da takardar gwajin aure, wai in miƙa wa mahaifin amarya. Na buɗe. Ƙanjamau: babu. Na ce ikon Allah! Shekara shida ina bin layin asibiti ina karɓo maka magani don kada wani ɗan Gwandu ya gan ka, ashe ka warke ban ji labari ba.

Sai na duba layin ƙasa, gwajin sikila: AA. Ubaidullahi, mai AA ba ya haifar mai sikila. Shekara ashirin ina koyar da wannan a aji. Sau nawa aka ƙara wa 'yarka Mufida jini a gabana? Wanda ka tura ya miƙa hannu da sunanka ya yi maka kyautar lafiya har ta wuce wadda ka roƙa. Ban san ko wane ne ba, kuma ba shi ne ƙanena ba.

Yau da safe na je asibiti, tun da sunana ne a katinka. Tun watan azumi da ka ce za ka riƙa karɓa da kanka, ba su gan ka ba ko sau ɗaya.

Na san me za ka ce, don ka sha turo mini a waya: wai an kusa samun rigakafi. Shekara arba'in masana duniya na nemansa. An yi manyan gwaje-gwaje, wasu a nan Afirka, aka tsayar da su saboda ba su kare kowa ba. Ba su daina nema ba, Allah ya ba su sa'a. Amma rigakafi na wanda bai kamu ba ne, kai ka wuce wannan tasha. Allurar da ake yi sau biyu a shekara ma kariya ce ga mai lafiya, irin Amatullahi, in ta san tana bukata. Ta yaya za ta sani?

Abin da ya fi ƙona mini rai, hanya a buɗe take. Mai shan magani kullum har ƙwayar cutar ta daina bayyana a jininsa ba ya shafa wa matarsa, kuma su haifi 'ya'ya lafiyayyu. Ban taɓa cewa kada ka yi aure ba. Na ce ka faɗa mata. Mace ce mai hankali, ta yi takaba, ta san mutuwa. Tana iya amincewa, tana iya ƙi. Nata ne.

Huseina, uwar Mufida, ta rasu ba ta san sunan abin da ke cin ta ba. Ni na yi mata wanka. A lokacin na ce kai ma ba ka sani ba, na yafe maka. Yanzu ka sani, ni ma na sani.

Na ba ka zuwa la'asar ɗin Alhamis. Ka je Masama ka faɗa mata, ka sa ta kira ni in ji daga bakinta. Ran Juma'a da safe mu koma asibiti tare, in kana jin kunya ni zan shige gaba.

In la'asar ta wuce wayata shiru, zan kai lefe ran Asabar yadda aka shirya. Ba zan tona maka asiri a gaban mata ba, mahaifinta ma ba zai ga takardar nan ba. Idan sun duƙufa kan atamfofi, zan kama hannun Amatullahi mu shiga ɗaki mu biyu, in ja ƙofa.

Ka gaishe da Mufida, ka ce ta riƙa shan ruwa. Allah ya ba ka ƙarfin zuciya.

Yayarka,
Halimatusa'adiya