Inda Na Ɗaure Duna

Yaya Mamman,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiya, yaya aiki a Yamai? Ina maiɗakinka da yara? Mu nan Diffa lafiya lau, ƙafar Inna ma da sauƙi.

Yaya, da kunya nake rubuto maka. Karenka Duna, da ka bar mini amana, ba shi da lafiya. Da ruwan gulbin Komadugu ya janye, na kai shi gonar tattasai ya tsare injin ban ruwa. Na ɗaure shi a gindin tsamiya bakin gulbi, wai na ba shi inuwa. Nan yake kwana cikin laka, yana tonon ruɓaɓɓen ganye. Sai tari, sai rama, sai gyambo a ƙafa.

Likitan dabbobi ya ce cutar funfuna ce ya shaƙa daga danshin ƙasa. Ya ce, "Ai da a sake yake, da kansa zai nemi tudu. Wa ya ɗaure shi?" Na sunkuyar da kai.

Yanzu yana gida yana shan magani. Ka yafe mini, ka sa mu a addu'a, a gaida kowa. Wallahi Yaya, har gobe in ya gan ni kaɗa wutsiya yake.

Ƙanenka,
Bukar